Abin da Ya Kai Ni Maraɗi da Ƙanwata Rabi

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya saukar da cuta Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu da iyalan gidansa.

Tun da muka dawo daga Maraɗi ba a bar ni na huta ba. A makaranta, a gidan suna, har a hanyar kasuwa, tambayar ɗaya ce: "Malama, yaya Maraɗin? Da gaske burodinsu ya kai kamu guda? Da gaske mata na tuƙa babur?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau muka iske su, suna gaishe ku. Mun gaya wa unguwa zumunci za mu, kuma mun yi zumuncin, amma ba shi ya fitar da mu ba. Yanzu mai abin ta yi mini izini, don haka zan faɗe shi yadda ya faru.

Ni dai a unguwar Gobarau nake, cikin birnin Katsina, ina karantar da matan aure a zauren gidanmu tun 'ya'yana na ƙanana. Rabi ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana aure a Ƙofar Sauri, sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Ta haura hamsin, al'ada ta ɗauke mata kusan shekara uku, sai jini ya dawo. Wata rana ta jira ɗalibai suka watse, ta matso kusa da buzuna.

"Yaya, maganar salla nike son in tambaye ki. Abin nan ya dawo mani. Ba ya da lokaci, yau ɗigo gobe babu. In bar salla ko in yi?"

Tambaya ce da na amsa ta fi a ƙirga. Na tambaye ta launinsa da kwanakinsa, na ce mata wannan jinin ciwo ne, istihala, ba ya hana salla ba ya hana azumi. Ta wanke, ta yi ƙunzugu, ta sabunta alwala. Ta yi godiya ta tafi, ni ma na ji daɗi na warware mata matsala. Da bakina na kira shi jinin ciwo, amma ban ce mata ta je a nemo ciwon ba. Haka muka tafi kusan shekara biyu. Duk sanda ta dawo da tambaya, nakan buɗe littafi in ba ta hukunci, kuma hukuncin daidai yake.

Turare ne ya fara tona mini. Na shiga ɗakinta na iske kasko biyu suna ci da rana tsaka, hayaƙi har ba a ganin silin. Rabi da ba ta ƙona hajarta ko da Salla! Ƙarƙashin ƙamshin kuwa akwai wani wari da turare bai iya danne shi ba. Na dube ta da kyau, na ga wuyanta ya zube, tana zama tana dafe ƙugu. Na ce gobe sai asibiti.

Ta ce, "Wane asibitin? Mai yankan kati ɗan maƙwabtanmu ne. Mai shara ɗalibarki ce. Kafin in sauko daga gadon awo labari ya kai Ƙofar Guga. Da in buɗe jikina a garin nan gara in mutu da mutuncina."

Mako biyu ina lallashi. A ƙarshe na tuna da Hajiya Tsahara, 'yar gwaggonmu da ke Maraɗi, wadda 'yarta Zainabu ungozoma ce a wani asibitin mata a can. Na ce wa Rabi ga mace, ga jininmu, ga garin da ba wanda ya san ta. Ta ce to, in mijinta ya yarda. Alhaji Sule bai ja ba ko kaɗan. Shi ya kai mu tasha, ya tsaya har motar ta tashi.

Da hantsi muka fita, don hanyar Jibiya a zamanin nan ba a yi mata sammako, ba a kuma bari yamma ta yi a kanta. Mu takwas ne a motar da aka ƙera don biyar, yawanci mata 'yan kasuwa. Direban, Malam Iro, mutum ne mai surutu, ya san kowane mai shinge da sunansa da sunan garinsu. Shingayen kuwa kamar ƙwayar carbi, kana sakin wannan ka kama wancan. Akwai wani wuri tsakanin ƙauyuka da ake tsoron 'yan bindiga, inda har Malam Iro ya kashe rediyo ya yi gum, kowa leɓensa na motsi. Da muka wuce sai wata mai sayar da tabarmi ta ce, "To Malam Iro, ashe bakin naka na da burki!" Aka yi dariya, har Rabi.

Ni hankalina ba a kan 'yan bindiga yake ba. Rabi ta ninka tsohon zane huɗu ta zauna a kai, kuma duk ramin da mota ta faɗa sai na ji ta matse mini hannu. Duk inda aka ce a sauko, ita ce ta ƙarshe, tana waiwayen kujera.

A Magama muka sauka, muka taka da ƙafa, 'yan babur na jan mayafinmu kowa na cewa nasa ya fi taushi. Rabi ba ta iya hawa, sai muka jira wata motar. A Ɗan Isa aka tsayar da mu wurin jami'an can. Wani jandarma dogo ya karɓi katinmu, ya tambayi inda za mu. Na miƙa masa takardar da na rubuta kwatancen gidan Tsahara, na manta da ajami na rubuta. Ina shirin karɓewa in karanta masa, sai na ji yana karantawa tar, har da wasalin da na yi wa sunan unguwar. Ya ɗago yana murmushi.

"Inna, wanga hannu irin na kakata ne. Da shi taka aiko mini takarda sa'ad da nike karatu a lakwal a Yamai."

Bayan shi sai wata jami'a mai duba kaya. Ta buɗe jakata, ta ga littattafai da goro. Ta buɗe ta Rabi. A sama turare ne na tsaraba, a ƙasa kuwa tsummoki ne wankakku, ninki a kan ninki, sun fi rabin jakar. Ga maza tsaye a bayanmu. Rabi ta sunkuyar da kai. Matar ta dubi tsummokin, ta dubi fuskar Rabi, ta ja zif ta rufe da hannunta.

"Ku wuce, Hajiya. Allah shi ba da lahiya."

Ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Tsahara taubashiyarmu ce, wasa tsakaninmu tun muna 'yan mata. Tun daga zaure ta fara: "Lale da masu tsaron gida! Mu Katsinawan asali munka taho nan, munka bar ku kuna share muna gari. Kun kawo rahoto?" Na ce mun zo ganin waɗanda suka gudu ne ko sun daina haki. Tana cikin dariya idonta ya sauka a kan Rabi, sai dariyar ta tsaya. Ta kama hannunta ta kai ta ɗaki.

Masu tambayar abinci, ga amsarku. Burodin gaskiya ne, dogo kamar taɓarya, bayansa da tauri, wanda bai yi hankali ba sai ya yanke masa dasashi. Fura a can ba abin sha ba ce kawai, ita ce abincin rana, da kauri, nono har ya yi yawa. Suna dambun zogale da ya fi namu ganye. Da azahar gari kan yi tsit, kowa ya nemi inuwa. Da yake lokacin zafi ne, a tsakar gida ake shimfiɗa, kowa da gidan sauronsa. Matan da ke tuƙa babur ma na gan su, da hijabinsu har ƙasa, ba wanda ya waiwaye su sai ni. Asibiti kuwa likita suke ce masa, shi likitan su ce lokotoro. Ban da wannan, in ka rufe ido a kasuwarsu sai ka rantse kana gida.

Washegari Zainabu ta tafi da mu wurin aikinta. Doguwar rumfa ce da bencina, mata sun cika ta. Akwai na cikin gari masu jaka a hammata, akwai na ƙauye da goyo, akwai Fulani, akwai Buzaye da baƙin lulluɓi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, kafin a fara kiran suna sai ungozoma ta fito ta tsaya ta yi wa mata magana, kuma ran nan Zainabu ce. Yarinyar da na goya! Ta ɗaga wani hoto na cikin mace, tana nunawa da tsinke, tana kiran kowane wuri da sunansa. Na ja mayafi na rufe rabin fuska.

Ta ce akwai wata ƙwayar cuta, likitoci na kiranta HPV, tana wucewa tsakanin namiji da mace ta wurin kwanciya. Ta ce ta yi yawa ƙwarai, har mafi yawan mutanen da suka yi aure sukan gamu da ita wani lokaci a rayuwarsu ba su sani ba. Galibi jiki kan kore ta da kansa. Amma a wasu matan takan lafe a bakin mahaifa shekara da shekaru, ba zafi ba ƙaiƙayi, har ta juye ta zama sankara. In an duba da wuri, ana ganin tabon tun bai zama komai ba, a kashe shi a zama ɗaya. Akwai kuma allurar da ake yi wa 'yan mata tun suna ƙanana. Sannan ta ce, "Jini bayan al'ada ta ɗauke, ko jini bayan kwanciya da maigida, ko ruwa mai wari, kada wadda ta zauna da shi."

Wata tsohuwa daga Madarumfa ta ɗaga murya: "To ɗiyata, in an iske ta gare ni, tsohon nawa zan kama ko ni za ya kama?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Zainabu ta ce, "Kaka, kada ki kama kowa. Shi ma bai san yana da ita ba. Mace nawa ya aura kahin ke? Su kuma wa sunka aura kahin shi? Ke kanki aurenki na nawa ne?"

"Na ukku," in ji tsohuwar, "amma na farin bai daɗe ba." Aka sake fashewa.

Ina cikin wannan sai na ji an taɓa gwiwata. "Malama? Malama ce?"

Indo ce, wata ɗalibata ta shekarun baya, daga Ƙofar Guga. Ta durƙusa tana gaishe ni, ta rame har na so in kasa gane ta. Rabi ta juya fuska bango. Mun tsallake shingaye da iyakar ƙasa don kada a gan mu, ga shi bencin farko mun zauna kusa da 'yar garinmu. Indo ta ce ai ba ita kaɗai ba ce, akwai wata daga Jibiya, ga wata can daga Ƙofar Marusa, duk ziyara suka ce sun zo. Na tambaye ta tun yaushe abin ke damunta.

"Ya daɗe, Malama. Ai har na taɓa tambayarki, kika ce mani istihala ce, in yi alwala in yi sallata. Wallahi ban taɓa barin salla ba tun ran nan."

Ba zargi a muryarta. Godiya ma take yi mini. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna ina jin bencin nan kamar garwashi, ina ƙoƙarin tuna fuskokin matan da suka matso kusa da buzuna da wannan tambaya. Wasu na tuna. Biyu daga cikinsu na je gaisuwar mutuwarsu, aka ce ciwon ciki ne, na ce Allah Ya jiƙansu na dawo gida.

Aka kira Rabi. Ta ce sai dai in shiga da ita. Na tsaya wajen kanta ina riƙe da hannunta, fuskata na kallon bango. Zainabu ta ce yawanci ruwan kal suke shafawa, irin wanda ake zubawa a kwaɗon latas, in akwai tabo sai wurin ya yi fari. Amma da ta duba ba ta ko buɗe kwalbar ba. Na ji ta ajiye ƙarfe a faranti a hankali.

"Gwaggo Rabi, zan kira lokotoro. Namiji ne. Ki yi haƙuri."

Na zaci Rabi za ta tashi. Sai ta ce, "Kira shi. Na gaji."

Likitan dattijo ne mai sanyin murya. Ya ɗebi ɗan nama kamar ƙwayar gero, ya ce za a aika Yamai, amsa sai bayan makonni. Ya ce ba zai rantse ba sai takarda ta zo, amma idonsa ya ga abin da ya gani, mu shirya. Ya tambayi tun yaushe take ganin jinin. Da ta faɗa masa, bai ce komai ba, ya rubuta. Wannan shirun nasa na fahimce shi sarai.

Da la'asar muna tsakar gida, Rabi ta kira Zainabu.

"Zo nan, ke mai tsinke. Ni namiji ɗaya na sani a duniya. Shekara talatin da wani abu. Ki gaya mani ta ina ƙwayar nan ta shigo."

Zainabu ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. "Gwaggo, Baba Alhaji ya yi aure kahin ke?"

"Sau biyu. Ɗaya ta rasu, ɗaya suka rabu."

"To ya isa. Kuma tana iya yiwuwa tun kina amarya ta shiga, ta kwanta. Ba shaidar banza ba ce a kanki, ba kuma shaida ba ce a kanshi. In kinka tahi gida da zargi, cuta biyu kinka ɗauka."

Na tambaye ta ko a Maraɗi ne abin ya yi yawa haka. Ta ce, "Gwaggo Malama, lissahi yana wurin manya. Ni abin da na sani, ban taɓa iske bencin nan ba kowa ba. Kuma rabin dangin Maraɗi suna Katsina, rabin na Katsina suna nan. Muna auren juna, muna sakin juna, muna sake aure. Jandarma na duba kati a Ɗan Isa, wannan ƙwaya kuwa ba ta da kati." Ta ƙara da cewa, "Mu nan ma haka suke zo muna, sai abu ya ɓaci. Kuma kusan kowace ta riga ta tambayi wani game da sallarta."

Tsahara ta ce, "To Malama, ke da kika kawo mutane, an duba ki? Ko malamai ba su da mahaifa?" Na ce ta kiyaye ni. Ta ce ita an duba ta bara, kuma ba ta mutu ba, amma ta san Katsinawan da aka bari a gida tsoro ne ya hana su gudu tun farko. Washegari na hau gadon nan da shekaruna sittin da ɗoriya, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ni aka shafa wa ruwan kal ɗin. Sanyi ne kawai da ɗan zafi-zafi, kafin in kai ƙarshen addu'ata an gama. Ba a ga komai ba.

Kwananmu biyar muka juyo. A motar dawowa mun sami gaba mu biyu. Bayan mun wuce Jibiya na ce, "Rabi, ki yafe mani. Shekara biyu kina zuwa wurina."

Ta daɗe tana kallon gonaki. Sannan ta ce, "Yaya, kin san me ya sa ke nike tambaya? Na san ciwo ne. Mace ba ta rasa sanin jikinta. Amma na san in na tambaye ki salla, salla za ki amsa mani, in koma gida da hankali kwance. Na zaɓi tambayar da ba za ta kai ni asibiti ba. In akwai laifi, mu raba."

Na ce ba za mu raba daidai ba, don ni aka ba amanar sani. Ta ce to in ɗauki babban kashi, dama ni ce babba.

Amsa ta zo bayan mako uku, Zainabu ta karanta mana ta waya. Sankara ce. Ta wuce inda za a kashe ta a zama ɗaya, ta wuce inda aiki kaɗai zai isa, amma ba ta kai inda likita kan ce a koma gida a yi addu'a ba. Rabi da kanta ta gaya wa Alhaji Sule, har da yadda ƙwayar ke shiga. Ta ce ya yi kuka kamar yaro, ita ce ma ta koma ba shi haƙuri. A nan gida ta fara karɓar magani, a asibitin da ta rantse ba za ta taka ba, kuma ɗan maƙwabtan nan ne ya yanka mata kati, ya kai ta har ƙofar likita. Daga baya aka tura ta wani gari don gashi da na'ura. Indo kuwa Allah Ya yi mata rasuwa bayan ƙaramar Salla.

Likitoci ba su ce Rabi ta warke ba. Sun ce a dinga dawowa ana dubawa, kuma abin da suka gani zuwa yanzu ya faranta musu. Jinin ya tsaya. Ranar Juma'ar da ta wuce ta tako da ƙafarta daga Ƙofar Sauri har Gobarau, ta ce sau biyu kawai ta zauna a hanya. Ta ci tuwo malmala ɗaya da rabi, ta ce miyata ba gishiri.

Wanda ya karanta wannan, ya sa ta a addu'a, ya sa Indo. Allah Ya yafe mana abin da muka sani da abin da muka ƙi tambaya.